Bututun gas na AKK: Darasin da Ghana ta koya kafin Kano

A ƙarshen watan Agustan 2012 wasu 'yan fashin teku suka kame wani jirgin dakon mai a gaɓar Lome, babban birnin Togo. Da sojojin ruwan ƙasar suka bi sawunsu, sai suka nemi tserewa da jirgin, angarsa tana jan ƙasa a ƙarƙashin teku. A nan ta sarƙe da wani bututu ta tsinka shi. Wannan bututu shi ne ke ɗauko iskar gas daga Najeriya zuwa Jamhuriyar Benin da Togo da Ghana.

Sai da aka yi kusan shekara guda, har zuwa watan Yulin 2013, kafin gas ya sake bi ta cikinsa. A tsakanin nan tashar lantarki ta Sunon Asogli da ke Tema, mai ƙarfin megawat 200, ta tsaya cik domin ba ta da wani makamashi sai gas. Sauran tashoshin da ke iya ƙona ɗanyen mai suka koma kansa da tsada. Mutanen Ghana, daga Nima ta birnin Accra har Zangon Kumasi, suka shiga zaman rabon wuta da suke kira "dumsor", wato kashe-kunna a harshen Akan.

Da an ce angar jirgi ce kaɗai matsalar, da labarin ya ƙare ranar da aka kammala gyara. Amma bayan an ɗinke bututun, gas ɗin da ya riƙa isa Ghana bai kai abin da aka yi alkawari ba, kuma dalilan hakan ba su da alaƙa da ƙarfe ko walda. Suna cikin takardun yarjejeniya da littattafan bashi.

Wannan tarihi ya shafi duk mai masana'anta a Sharaɗa ko Chalawa ko Kakuri, da duk ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa a man janareta, domin shekaru ke nan Arewa tana jiran nata bututun, wanda ya taso daga Ajakuta ya ratsa Abuja da Kaduna ya nufi Kano, wanda aka fi sani da AKK. Yawancin bayanan da hukumomi ke yi a kansa na kashi nawa aka kammala ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙa'idojin da za su yanke ko gas zai cika shi, da farashin da zai iso Kano.

Me ya sa bututu ke buƙatar alƙali?

Ɗan kasuwar da zai kai kaya daga Kano zuwa Legas yana da zaɓi. In wannan direba ya tsawwala kuɗi sai ya nemi wancan. Gas ba haka yake ba. Babu wanda zai kashe Dala biliyan biyu ya shimfiɗa bututu na biyu a gefen na farko don kawai a yi gasa. Saboda haka duk wanda ya mallaki bututu ya mallaki hanya ɗaya tilo tsakanin rijiya da tashar lantarki, kuma yana iya hana wanda ya ga dama wucewa, ko ya yanka kuɗin da ya so.

A ɗaya ɓangaren kuma shi ma mai bututun a ɗaure yake. Da zarar ya binne ƙarfensa a ƙasa ba zai iya tone shi ya kai wata kasuwa ba idan mai saye ya ƙi biya. Kowanne na riƙe da wuyan ɗan'uwansa. Shi ya sa a ko'ina a duniya ake kafa hukuma ta tsaya a tsakani, ta ba da lasisi, ta tsayar da kuɗin dako, ta tabbatar an buɗe wa kowa hanya ba tare da fifiko ba, sannan ta fayyace wanda za a fara rage wa idan gas ya yi ƙaranci. Wannan na ƙarshe shi ne wanda ake mantawa da shi ranar bikin yanke kyalle, kuma shi ne yake fara tasowa ranar da abu ya lalace.

Akwai kuma wata ƙa'ida da harkar ta ginu a kanta. Bankuna ba sa ba da bashin gina bututu sai sun ga wani babban mai saye ya sa hannu cewa zai biya kuɗin wani adadi na gas tsawon shekaru, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Kamar shatar mota ce: wanda ya yi shata, ya cika ta da kaya ko ya bar ta rabi, kuɗin da aka yi ciniki shi zai biya. Ƙarfin kowane bututu yana daidai da ƙarfin aljihun wanda ya yi shatarsa.

Bututun ƙasashe huɗu

A takarda, da wuya a samu aikin haɗin gwiwa a Afirka ta Yamma da aka tsara da kyau kamar bututun gas na yankin. Shugabannin Najeriya da Benin da Togo da Ghana sun sa hannu kan yarjejeniyarsa a Dakar a watan Janairun 2003. Maimakon kowace ƙasa ta yi nata dokoki a kan yankin da ya ratsa ruwanta, sai aka amince da doka iri ɗaya, da tsarin haraji guda wanda ƙasashen ke rabawa a tsakaninsu. Aka kafa hukuma ɗaya mai sa ido, WAGPA, mai hedikwata a Abuja, a ƙarƙashin kwamitin ministocin ƙasashen huɗu, tare da kotun musamman ta sasanta saɓani. Kamfanin da ya gina bututun kuma yake tafiyar da shi, WAPCo, yana Accra. Chevron ne ke da kaso mafi girma a cikinsa, sai NNPC, sai Shell, sai ɓangaren Ghana, sannan kamfanonin Togo da Benin da ke da kashi 2 cikin 100 kowanne. Bankin Duniya ya tsaya wa aikin da lamuni a 2004.

Tsawon bututun kilomita 678 ne. Ya taso daga Itoki da ke kusa da Legas, ya bi ta Badagry inda injinan matsa gas suke, ya shiga teku ya miƙe har Takoradi, da rassa zuwa Kwatano da Lome da Tema. An fara gini a 2005, gas ya fara bi a ƙarshen 2008, amma cikakken aikin kasuwanci bai kankama ba sai a 2011. Tun ba a je ko'ina ba kuɗin aikin ya tashi daga hasashen farko na ƙasa da Dala miliyan 600 zuwa kusan Dala biliyan ɗaya. Mutanen da aka karɓi gonakinsu a yankin Badagry ma sai da suka kai ƙara gaban kwamitin binciken Bankin Duniya, wanda a 2008 ya tabbatar cewa diyyar da aka ba su ta gaza ƙwarai.

Hukumar Kogin Volta, mai samar wa Ghana lantarki, ita ce babbar mai shatar. Ta ƙulla ciniki da kamfanin N-Gas, wanda NNPC da Shell da Chevron suka kafa, a kan kimanin kubik fit miliyan 120 a kowace rana. Shekaru da dama abin da ke isa bai kai haka ba, wani lokaci ko rabi bai kai ba.

Dalili na farko yana cikin taswira. Gas ɗin da ke shiga wannan bututu daga yankin Neja Delta yake fitowa, ta cikin tsohon bututun Escravos zuwa Legas. Kafin ya isa Itoki sai ya wuce ta gaban tashoshin lantarkin Najeriya irin su Omotosho da Olorunsogo da reshen Egbin, da masana'antun Legas da Ogun, kowa na jan rabonsa. Duk wanda ya zauna a unguwar da ke ƙarshen layin ruwan famfo ya san yadda abin yake: na kusa da matata sai sun ƙoshi, sannan abin da ya rage ya gangaro, in ya rage. Gas ma da ƙarfin matsi yake tafiya. Idan aka fasa bututu a Delta, kamar yadda tsagerun yankin suka yi ta yi a 2016, ko gobarar daji ta kama shi, kamar yadda ta faru kusa da Okada a Jihar Edo a farkon Janairun 2018 har layin wutar ƙasa ya durƙushe, wanda ke wutsiya ne yake fara rasawa kuma shi ne na ƙarshe da ake mayar wa.

Dalili na biyu bashi ne. Kamfanin raba wutar Ghana bai iya karɓo cikakken kuɗi daga masu amfani da wuta ba, cikinsu har da ma'aikatun gwamnati. Shi kuma bai biya Hukumar Volta ba, ita kuma ba ta biya N-Gas ba. A watan Oktoban 2015 bashin ya kai wajen Dala miliyan 180, N-Gas ya yi barazanar rufe famfo, sai da manyan jami'an Ghana suka zo Abuja roƙo. A tsakiyar 2016 aka rufe ɗin. Kowane ɓangare yana da hujjarsa: Ghana na cewa ba a kawo mata abin da aka yi alkawari ba, masu gas na cewa ba a biya abin da aka kawo ba.

A nan ne iyakar tsarin ta bayyana. Ikon WAGPA ya fara ne daga Itoki ya ƙare a bakin tashoshin karɓa. Ba ta da ikon tilasta wa mai rijiya a Delta ya tura gas, ba ta da ikon tilasta wa kamfanin wuta a Accra ya biya. An naɗa alƙali a kan hanya, alhali rigimar tana gona da kasuwa.

Ghana ta ɗauki darasi. Ta haɓaka nata gas daga rijiyoyin Jubilee da Sankofa a yammacin ƙasar, sannan a 2019 aka yi wa bututun gyaran da ya ba shi damar tafiya a juye, yana kwaso gas ɗin Ghana daga Takoradi zuwa Tema. Hakan ya yiwu ne saboda tun a 2012 an buɗe bututun ga duk mai son dako, ba N-Gas kaɗai ba. Wannan ƙa'ida ta buɗe hanya ita ce ta ceci aikin daga zama kufai a ƙasan teku. Amma ciwon bashi bai warke ba. A watan Oktoban 2023 WAPCo ya dakatar da dako zuwa Tema saboda kuɗinsa da ba a biya ba, Ghana ta rasa megawat 550 a lokacin da aka fi buƙatar wuta. A watan Yunin 2024 kuma hukumomin lantarkin ƙasar suka sanar da rabon wuta na mako uku saboda wani gyara da mai samar da gas ke yi a Najeriya.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Najeriya tana da ajiyar gas da ta haura kubik fit tiriliyan 200, mafi girma a Afirka, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na wutar da ke shiga layin ƙasa daga tashoshi masu ƙona gas take fitowa. Duk da haka an shafe shekaru ana tafiyar da bututun gas a ƙarƙashin dokar da aka rubuta domin bututun mai tun 1956. Sai a watan Agustan 2020 aka ƙaddamar da kundin ƙa'idojin dakon gas, wanda ya fayyace yadda mai gas zai yi rajistar gurbi a bututu, inda zai zuba, inda za a ɗiba, da tarar wanda ya ja fiye da rabonsa. Shekara guda bayan haka, ranar 16 ga Agustan 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda aka fi sani da PIA.

Dokar ta rushe tsoffin hukumomi ta kafa biyu. NUPRC tana kula da haƙowa, ita ke ɗora wa kowane kamfani adadin gas ɗin da dole ya sayar a cikin gida. NMDPRA tana kula da abin da ya biyo baya: tacewa, dako, rarrabawa, lasisi, kuɗin dako da farashin gas na cikin gida. Dokar ta wajabta buɗe bututu ga kowa, ta kuma kafa asusun gina kayayyakin gas da ake tara masa kashi 0.5 cikin 100 na farashin sari na man fetur da gas da ake sayarwa a ƙasar.

Batun farashi shi ne inda aka fi samun ja-in-ja. A watan Afrilun 2024 hukumar ta tsayar da Dala 2.42 a kan kowane ma'auni, wanda ya yi kusan daidai da kubik fit dubu ɗaya, ga tashoshin lantarki, a 2025 kuma ta sauko da shi zuwa Dala 2.13. Manyan masu saye na kasuwanci suna biyan ƙarin santi 50 a kan wannan, kuɗin dako kuma daban. Idan farashin ya yi ƙasa, masu rijiya sun fi son kai gas ɗinsu tsibirin Bonny a daskarar da shi a fitar waje, inda ake biya da Dala a kan lokaci. Idan ya yi sama, kuɗin wuta ya tashi a kan talaka. Ga kuma wani ƙulli: da Dala ake lissafin gas, da Naira ake sayar da wuta. Lokacin da aka saki Naira a watan Yunin 2023, ta faɗi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a kan Dala ɗaya cikin ƙasa da shekara, kuɗin gas ya ninka fiye da sau uku a aljihun tashoshin lantarki ba tare da an taɓa farashinsa ba.

Dokar ta sa tarar Dala 3.50 a kan kowane ma'auni ga kamfanin da ya kasa cika wajibinsa na cikin gida, wato fiye da kuɗin gas ɗin kansa. Wanda ya karanta wannan sashe kaɗai zai ɗauka an gama magana. Amma dokar ta ci gaba da lissafa uzurorin da ke wanke kamfani, kuma ɗaya daga ciki shi ne idan mai saye bai biya ba. Wannan adalci ne, domin babu dokar da za ta tilasta wa mutum ya ci gaba da ba da kayansa kyauta. Sai dai ma'anarsa ita ce duk tsaron makamashin ƙasar ya rataya ne a kan ko kuɗin da mai shago ya biya na wuta zai bi ta hannun kamfanin rarrabawa, ya wuce ta kamfanin dillancin wuta na gwamnati, ya isa tashar lantarki, sannan ya kai ga mai gas. A kowane zango wani abu yana zubewa. A farkon 2024 masu gas suka rage abin da suke turawa, wuta ta yi ƙaranci a duk faɗin ƙasa, Ministan Lantarki na lokacin, Adebayo Adelabu, ya bayyana cewa tashoshi na bin bashin Naira tiriliyan 1.3, kamfanonin gas kuma na bin Dala biliyan 1.3. Ciwon da ya kwantar da Ghana ke nan, ya bayyana a gidan mai gas ɗin kansa.

Sauran abin lura shi ne matsayin NNPC. Yana da hannun jari a rijiyoyi, reshensa ɗaya ne ke mallakar manyan bututun, wani reshen nasa kuma yana sayar da gas yana gasa da 'yan kasuwar da dole su bi ta bututun nasa. An raba rassan biyu tun 2016, amma uba ɗaya ne. Tarayyar Turai ta fuskanci irin wannan, a 2009 ta tsaurara dokar raba mai bututu da mai sayar da gas. A Najeriya, buɗe hanyar da dokar ta yi alkawari ya dogara ne a kan ko hukumar gwamnati za ta iya tsawata wa kamfanin gwamnati ranar da bututu ya cika kuma kowa na neman gurbi.

Kano ce wutsiyar layi

An ƙaddamar da aikin AKK ranar 30 ga Yunin 2020, tsawonsa kilomita 614, faɗinsa inci 40, a kan kimanin Dala biliyan 2.8, da alkawarin kammalawa cikin shekara biyu. An tsara zai iya ɗaukar wajen kubik fit biliyan 2 a rana, wanda ya ninka abin da bututun Afirka ta Yamma ya fara da shi fiye da sau goma. Da farko an sa ran bankunan China ne za su ba da mafi yawan kuɗin. Hakan bai tabbata ba, NNPC ya ci gaba da biya daga aljihunsa, wa'adin kammalawa ya sha ɗagawa. Sai a tsakiyar 2025 kamfanin ya sanar da cewa an yi nasarar ƙetare Kogin Neja, wanda ya daɗe yana tare aikin.

Buƙatar bututun ba abin musu ba ce. A watan Oktoban 2024, bayan 'yan ta'adda sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin da ya biyo ta Makurɗi da Jos ya faɗi, jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa da walda da ƙanƙara da ɗinki sun ga asarar da ba su manta ba. Abin da ya fito fili shi ne yankin yana jiran wutar da ake samarwa a ɗaruruwan kilomita ne, ta kan wayoyi kaɗan da ke ratsa dazuka. Tashoshin da aka tsara ginawa a kan AKK, a Abuja da Kaduna da Kano, za su kawo samar da wuta kusa da masu amfani da ita. Ta Gwagwalada ce ta fara samun harsashi, a watan Agustan 2023, da kashin farko na megawat 350.

To amma Ajakuta ba ta da rijiyar gas. Abin da ke isa can yana zuwa ne daga Oben a Jihar Edo, ta wani tsohon bututu da tashoshin Geregu da kamfanin simintin Obajana suka riga suka dogara da shi. Ƙarin gas mai yawa ana sa ran zai fito ne daga gabashin Neja Delta ta bututun OB3, wanda shi ma ya shafe shekaru yana fama da ƙetare Kogin Neja. Idan gas ya shiga AKK, Abuja ce a gaba, sai Kaduna, sannan Kano. Wurin da Ghana ta zauna a layin Escravos, nan Kano za ta zauna a wannan layi. Idan babu ƙa'ida a rubuce, wadda kowa ya sani, kan yadda za a raba ragi daidai gwargwado ranar ƙaranci, to taswira ce za ta yi rabon, kuma taswira ba ta san adalci ba.

Sannan wa zai yi shatar? Tashar lantarki a Kano za ta iya sa hannu kan cinikin gas na shekara ashirin ne kawai idan akwai mai sayen wutarta da ke biya. Tarihin kamfanonin raba wuta na yankin ba ya kwantar da hankalin banki. A watan Yulin 2022 masu bin bashi suka karɓe ragamar kamfanonin Kano da Kaduna da na Benin, a watan Janairun 2024 kuma hukumar kula da lantarki ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin Kaduna saboda bashin Naira biliyan 110. Ma'aikatun gwamnati da ke tara takardun kuɗin wuta ba su biya ba suna cikin masu yanke hukuncin ko gas zai iso Kano, ko da ba su sani ba.

Idan bututu ya ƙetare iyaka

Kano ba ita ce ƙarshen mafarkin ba. Tun 2009 Najeriya da Nijar da Aljeriya suka sa hannu a Abuja kan bututun da zai ratsa Sahara, mai tsawon fiye da kilomita 4,000, ya kai kubik mita biliyan 30 a shekara har gaɓar Bahar Rum. An farfaɗo da maganar a watan Yulin 2022 lokacin da Turai ke neman madadin gas ɗin Rasha, aka sake sa hannu kan sabunta binciken yiwuwarsa a birnin Aljiyas a Fabrairun 2025. AKK shi ne kashinsa na cikin Najeriya. A gefe guda kuma akwai na Maroko, wanda aka fara maganarsa a 2016, da zai bi gaɓar teku ya ɗora daga inda na Afirka ta Yamma ya tsaya.

Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna irin tambayar da masu zuba jari za su yi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. A watan Mayun 2024 Benin ta hana loda ɗanyen man Nijar a tashar Seme saboda rikicin rufe iyaka, a kan bututun da aka kammala kwanan nan daga Agadem. Can arewa kuma Aljeriya ta daina tura gas zuwa Sifaniya ta bututun da ya ratsa Maroko a ƙarshen Oktoban 2021, bayan ƙasashen biyu sun yanke hulɗa. A dukan wuraren nan uku ƙarfe da waya lafiyarsu ƙalau. Yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS, duk wata yarjejeniyar ratsawa sai ta tsaya da ƙafafunta, da hukumarta da kotunta, irin na 2003. A kan wannan kam dole a yaba wa tsarin Dakar: duk rikicin da bututun Afirka ta Yamma ya gani na bashi ne da ƙarancin gas da haɗari, ba a taɓa jin wata ƙasar da ya ratsa ta rufe shi don ta hukunta maƙwabciyarta ba.

Ga mai masana'anta a Kano kuwa, akwai zango na ƙarshe da ya fi Sahara kusa da shi. Babban bututu ba ya shiga harabar kowa. Yana tsayawa ne a tashar sauke matsi a wajen gari, daga nan sai wani kamfani mai lasisin rarrabawa ya shimfiɗa ƙananan bututu zuwa Bompai da Sharaɗa da Chalawa. A watan Janairun 2025 NMDPRA ta ba da irin wannan lasisi karo na farko, guda goma ga kamfanoni shida, na tsawon shekara 25, galibinsu a yankunan masana'antu na kudu inda bututu ya riga ya kai. Wanda ya samu na Kano zai zama shi kaɗai ne hanyar gas a yankinsa na tsawon lokaci mai kama da haka, kuma kuɗin da zai ɗora a kan na dakon kilomita 614 shi ne zai nuna ko gas ɗin bututu zai fi wanda ake kawowa a tanka yanzu araha. Sharuɗɗan wannan lasisi, da wa'adin da za a ba mai shi ya kai bututu kowace unguwar masana'antu, ana tsara su ne a ofishin hukumar a Abuja, kuma doka ta buɗe ƙofar jin ra'ayin masu ruwa da tsaki kafin a kafa ƙa'idoji. Ƙungiyoyin masu masana'antu da na 'yan kasuwar Kano da Kaduna suna da damar shigar da bayanansu a rubuce tun kafin a sa hannu.